Motar da Aka Yi wa Hanci

Wa ya fi ɗaukar alhaki, maƙerin da ya ƙera wa mutum abin da zai shiga ruwa da shi, ko wanda ya naɗe hannu ya ce babu ruwansa, ya bar mutumin ya shiga da ruɓaɓɓe? Na juya tambayar nan a raina har na gaji, ban kai ƙarshenta ba. Wataƙila cikinku masu karatu akwai wanda ya fi ni gani. Ni dai abin da na sani, mahaifina ya tsaya tsakanin biyun nan a daminar da ta biyo bayan samun mulkin kai, kuma ni na tura shi wurin.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Ni'imatu, auta a gidan Namadi maƙeri a Tambuwal. Mu biyu Inna ta haifa muka rayu, ni da yayata Fatsuma. Da yake babu namiji a gidan, ni na taso ina yi wa Baba zuga tun hannuna bai isa ya rufe bakin zugazugi ba. Matan unguwa suna ta cewa tafina zai yi kanta, fuskata ta dafe da hayaƙi, babu mai ɗaukata. Sai ga Lauwali.

Lauwali direba ne ɗan Kebbe. Ya yi karen mota a Sakkwato har ya iya tuƙi, sannan ya sayi wata tsohuwar Landirofa mai buɗaɗɗen baya da wani Baturen haƙar rijiyoyi ya bari da zai koma ƙasarsu. Da ita yake jigilar gero da gyaɗa da fatu da mutane tsakanin kasuwanni. Ƙugiyar ƙofar bayanta ya kawo gyara ranar da ya fara ganina. Ya tsuguna a bakin rumfa ya ƙura wa wuta ido, Baba yana ta ba shi labarin gawayin ƙirya. Allah sarki Baba. Ni da ke bayan wutar na san ba gawayi ake kallo ba.

Da baffanninsa suka zo neman aure, Baba ya yi musu shimfiɗa, aka dama fura, bai kushe yaron da kalma ɗaya ba.

"Yaron kirki na," ya ce musu. "Amma ba ni ba da ɗiya ƙetaren ruwa. Shi dawo Tambuwal da zama, in ba shi ita ko gobe."

Shi kuwa Lauwali ba ya iya dawowa. Mahaifiyarsa makauniya ce, da ƙafa ta san gidanta, ta san inda kowace randa take da inda dokin ƙofa ya ɗan tashi. Ta ce ba ta koyon sabon gida a tsufanta, shi ma ya ce ba ya barinta. Ku gaya mini wa zan ga laifinsa a nan.

Ruwan da Baba yake magana a kai, fadamar da ke tsakaninmu da Kebbe ce. Da rani ka wuce ta da takalminka a ƙafa. Idan damina ta yi tsakiya sai ta shimfiɗe, wani wuri ruwa iya gwiwa da taɓo a ƙasa, a mashigi kuma ya kai wa namiji ƙirji. Ya fi ƙarfin jaki, a wurare da yawa kuma bai isa jirgi ba. A can ƙetare aka aurar da Fatsuma. Naƙuda ta zo mata da gardama a irin wannan lokaci, aka samu wata motar ɗan kasuwa ta ɗauko ta, motar ta sha ruwa a tsakiyar mashigi ta mutu. Kafin a tara mutanen da za su tallabo Fatsuma a kan gado su ƙetaro, rai ya yi halinsa. Tun daga nan Baba bai sake taka hanyar Kebbe ba, bai kuma taɓa shiga mota ba.

A zamaninmu babu waya. Goggo Atu, yayar Baba, ita ce wayarmu, sai dai irin wadda take ƙara nata a kan kowane saƙo. Daddawa take sayarwa a kasuwa, dab da inda motoci ke tsayawa. Wata ranar kasuwa da rani ta shigo ɗakinmu ta sauke ƙwarya, ta miƙo mini sabulu mai ƙamshi naɗe a takarda.

"Ga shi inji mai warin fetur. Yac ce in gaya miki, tunda ruwa na ag gardamar, to da ruwa za shi yi magana, ba da Baba ba."

"Mi ke nan, Goggo?"

"Wai zai koya wa mota iyo. Ni dai nac ce mai, in ta iya, shi kawo ta ta koya wa akuyata."

Na yi dariya, amma ban ɗauki maganar wasa ba. Na san Lauwali. Magana kaɗan gare shi, in ya faɗa kuma sai ya yi.

Haka rani ya ƙare ina ganin motar tana sauya kama kowace ranar kasuwa. Da farko ya ƙara mata ganyen sifirin, ta tashi sama kamar mace ta tattare zane za ta tsallake kwata. Sannan ya canja tayoyi, ya sa masu faɗi masu manyan haƙora, ya sayi sarƙoƙin da zai ɗaura musu in an shiga taɓo. Ya ɗaure falankai biyu a gefe don shimfiɗa wa taya. Ya sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda kututture. Ya yanka tsohuwar robar cikin taya ya naɗe wayoyin wuta da kan fulogi, ya cusa giris a duk inda yake tsoron ruwa. A bamba kuma ya naɗa igiya mai kaurin dantse.

Wani yammaci da ya zo zance ƙofar gidan Goggo, don Baba bai hana mu gaisawa ba, ya buɗe bonet ya nuna mini wani gwangwani mai baki a gefen inji.

"Kin ga nan? Nan ta ka shan iska. Mota kamar mutum ta, Ni'ima. Ki tsoma ta har wuya ba ta damu ba, in dai hancinta na waje. Wadda ta ɗauko Yaya Fatsuma ta nan ruwa yas shige ta."

Shi ne mutum na farko da ya gaya mini dalili. Kowa "kwana ya ƙare" yake cewa, kuma gaskiya ne, amma ban taɓa sanin akwai wani ƙaramin baki da ruwan ya bi ba. Na daɗe ina kallon bakin nan.

"To yanzu fa?"

"Hanci zan yi mata. Bututu daga nan, shi lanƙwasa shi fito ta gefe, shi hau har saman rufi. Na samo bututun ƙarfe mai kauri a Sakkwato. Saura wanda zai lanƙwasa shi bai tsage ba, shi ɗora gaɓoɓin yadda ko iska ba ta fita." Ya sosa ƙeya. "Kuma duk ƙasar nan mutum ɗaya na san ya iya."

Ba ya iya tunkarar Baba da kansa. Saurayi bai tsayawa gaban wanda yake so ya zama surukinsa ya ce ga aiki. In ya hango Baba a hanya ma ratsewa yake. Don haka Goggo ta ɗauki bututun a kai kamar itace ta kai maƙera. Ina zuga a lokacin. Baba ya karɓa, ya auna nauyinsa a hannu, ya ƙwanƙwasa ya saurari amonsa. Na ga idonsa ya so aikin. Sai ya miƙa mata abinta.

"Mayar mai."

"Namadi, aiki na anka kawo ma, ba goron aure ba."

"Na sani, Yaya. In na ƙera, yaro ya samu ƙarfin zuciya ya faɗa ruwa, ruwa ya ci shi, da hannuna ke nan. Na ga abin da mashigin nan ka yi. Ba ni sa hannu."

"In ya ƙetare fa?" Goggo ta ce.

Baba ya mayar da hauya cikin wuta. "Auta, zuga."

Na zuga. Hawaye na zuba, na bar shi a kan hayaƙi.

Lauwali bai yi fushi ba, bai kuma fasa ba. Ya kai aikin Dogon Daji wurin Ladan, mai ƙera fitilun aci-balbal da mazurari da gwangwani. Ladan ya gwada lanƙwasa bututun mai kauri ya kasa, don wutarsa ba ta kai ba. Sai ya yanka garwar kananzir ya nannaɗe ta gaɓa-gaɓa, ya haɗa, ya shafe da baƙin fenti. Ban ce ya yi mugunta ba. Mutum ne da duk abin da ya ƙera a rayuwarsa a tudu ake amfani da shi.

Ranar da motar ta shigo Tambuwal da sabon hancinta, kasuwa ta watse kallo. Damina ta riga ta kankama, gero ya kai ƙugu, an ce mashigi ya cika. Bututu baƙi ƙirin ya fito daga gefen bonet ya miƙe har ya wuce rufi, da 'yar hula a kansa. Wasu suka ce hannun giwa, wasu suka ce bindigar gwamna. Wani tsoho mai sayar da igiya ya tambaya ko yanzu da aka samu mulkin kai har motoci an ba su izinin shan lofe.

Da la'asar na yi wanka da sabulun nan. Na ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen ganye wadda Inna ta saya mini da sallah, na sa rigar leshi fara, na kafa ɗankwali ya ɗan karkata. Na ja kwalli, na sa murjanin Fatsuma da Inna ta ba ni bayan rasuwarta. Lallen hannuna ya kama ja sosai, ya rufe tabon tartsatsi. Goggo ta dube ni sama da ƙasa.

"Wanga ado duk na mota na?"

"Kai, Goggo."

"Je ki. In kin ga ya fi kallon bututun da ke, dawo ki gaya min in fasa mai ƙwarya a ka."

Ya ajiye motar a gindin dalbejiyar ƙofar gidanta. Ya sa farar taguwa da hula zanna, amma bakin farcensa baƙi da giris, abin da ko sabulun Makka bai fitarwa. Murna ta hana shi tsayawa wuri ɗaya.

"Gobe bayan azahar in sha Allah zan shiga. Na gaya wa mutanen Kebbe su tsaya a wancan gefe, na nan su tsaya a wanga. Har fasinja sun yi magana, mata biyu da wani dattijo. In na ƙetare na dawo, baffannina su koma wurin Baba. Mi zai ce kuma?"

"Da mutane za ka shiga?"

"Mota wofi ruwa ka ɗauka. Sai da nauyi."

Muna cikin haka aka fara yayyafi. Wallahi, masu karatu, na gode wa Allah da abubuwa da yawa a rayuwata, amma yayyafin nan yana cikin na gaba. Ba ruwan kirki ba ne, ɗan fesi ne da bai isa ya kore mu ba. Na matsa jikin mota, na dafa bututun don in gyara takalmi. Da na ɗauke hannu sai na ji yana manne. Na duba, na ga wani abu mai yauƙi ya biyo yatsuna daga gaɓar bututun, inda fenti ya tsage. Na sansana. Na ɗan taɓa a harshe.

Duk yarinyar da ta tashi a ƙauye ta san wannan ɗanɗano. Mun sha ɓamɓaro shi a jikin itace muna tsotsa.

"Lauwali, ƙaro na."

"Mi?"

"Da ƙaro anka liƙe gaɓoɓin. Ƙaro da toka. Duba."

Ya duba, ya murza a yatsa, fuskarsa ta ɗan sauya, sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ladan yac ce dalma ta ƙare mai, amma wanga in ya bushe dutse na. Kuma ga fenti a kai. Sama-sama na ya jiƙa."

"Yayyafi ya narka shi. Mashigi fa?"

"Zan shafe shi da giris da safe. Ai ba kwana zan yi cikin ruwan ba." Ya rage murya. "Ni'ima, don Allah kada Baba shi ji. In ya ji ya samu abin da yake nema. Zai ce ga irin hankalin wanda ka son ɗiyata. Duk wahalar ranin ga ta tashi a banza. Kin ji?"

Na goge hannu a gefen atamfata, har yau tabon yana nan.

Gaskiyarsa ce fa. Idan na yi shiru, mai yiwuwa giris ya riƙe, ya ƙetare, a ɗaura mana aure bayan kaka. Idan na faɗa, na miƙa wa Baba hujja da hannuna, na kuma kunyata mutumin da ya ba ni amanar maganarsa. Amma duk inda na juya sai in ga ƙaramin bakin nan na gefen inji, in ga mata biyu da ban san sunansu ba zaune a baya da ƙwaryarsu a cinya. Da na idar da sallar asuba na riga na san aurena bai kai nauyin wannan ba. Sanin bai hana ni kuka ba.

Hantsi ya yi na je gidan Goggo na gaya mata. Ba ta yi wasa ko ɗaya ba a wannan karon. Ta ɗauki mayafi kawai ta ce, "Wuce mu tafi."

Mun tarar da Baba shi kaɗai a bakin wuta, yana zuga da hannu ɗaya yana juya galma da ɗayan. Manoma biyu suna zaune suna jiran kayansu. Goggo ta ce su ba mu wuri, suka tashi. Na durƙusa na faɗi komai, kaina a ƙasa, har da fasinjan.

Baba ya saurara har na gama.

"Ƙaro," ya ce.

"Ƙaro, Baba."

"To kin gani da idonki. Aika a gaya mai kada shi shiga."

"Ba shi fasawa, Baba. Ya tara mutane gefe biyu."

"To ya ji da kansa. Ni na faɗa tun farko ba ni sa hannu, don kada a wayi gari a ce..."

"A ce mi?" Goggo ta katse shi. "A ce da hannunka? To ga shi ba da hannunka ba. Ka ji daɗi?"

"Yaya."

"Kada ka yayace ni. Na goya ka, Namadi, zan faɗa ma abin da ba mai faɗa ma." Ta zauna a kan kututturen da manoma suka tashi. Muryarta ta sauka, abin da ban saba ji ba. "Ranar da ɗan aike ya yi iyo ya ƙetaro ruwa ya zo nan yac ce 'yar fari na kan gwiwa tun jiya, ina nan wurin. Mutane cike da rumfa. Kai kuma kunyar ɗan fari ta hana ka tashi a gabansu. Kac ce, to, Allah shi sauƙaƙa, ka ci gaba da bugun hauya sai da ka gama ta. An yaba ma, an ce Namadi akwai kara. Ban ce da ka tashi da ta rayu ba, wannan na Allah na. Amma tun ran nan kake faɗa da ruwa, ni kuwa na san ba haushin ruwa kake ji ba."

Ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar. A al'adarmu uba bai kiran sunan ɗansa na fari, bai nuna damuwa da shi a gaban jama'a, ko ciwo ko mutuwa. Na taso ina ganin Baba bai taɓa ambaton Fatsuma ba, na ɗauka haka ake yi, kuma haka ake yi ɗin. Ban san abin da yake ci a cikinsa ba.

Baba bai ɗago ba. Galmar da ke cikin wuta ta yi ja, ta wuce ja ta fara fari, tana tartsatsi. Maƙeri bai barin ƙarfe ya kai haka, ƙonewa yake. Na miƙa hannu zan ja awartaki.

"Bar ta," ya ce.

Ya miƙe, ya kakkaɓe walkinsa na fata, bai ko cire shi ba. Ya zura takalmi ya nufi kasuwa, muna biye da shi, ni da Goggo, da manoman nan biyu da suka ga abin da ba su taɓa gani ba.

Lauwali yana tsugune a gefen mota da gwangwanin giris, yana shafa wa bututu da yatsa. Fasinja har sun fara ɗora kaya. Da ya hango Baba sai ya zabura, ya tuɓe takalmi, ya rasa inda zai sa hannunsa mai maiƙo, ya zube ƙasa.

"Barka da hantsi, Baba."

Baba bai dube shi ba. Ya zagaya motar a hankali. Ya tsuguna ya leƙa sifirin, ya ja sarƙa, ya ƙwanƙwasa farantin ƙasa. Ya daɗe a kan robar da aka naɗe wayoyi da ita. Sannan ya juya ga Goggo.

"Yaya, tambayi mai motar, wa yan naɗe wayoyin ga?"

"Kai mai warin fetur, ana tambaya."

"Ni na, Baba."

"Gaya mai ya yi kyau." Ya kai hannu ga bututun, ya sa farce ya ɓamɓaro ɓawon fenti. "Gaya mai kuma shi kwance wanga, shi biyo ni da motar."

Lauwali ya ɗago ya dube ni. Ban kawar da kai ba. Na bar shi ya gani a fuskata cewa ni ce. Idonsa ya yi ja, ya sunkuyar.

A maƙera akwai kwamin da muke kashe zafin ƙarfe a ciki, dogo, na itacen da aka fafe. Baba ya sa aka cika shi da ruwa. Ya toshe bakin bututun Ladan ɗaya da tsumma da yumɓu, ya cusa bakin zugazugi a ɗayan ya ɗaure da fata, ya danna bututun cikin ruwa da ƙafa. Jama'a sun cika rumfa har waje, da fasinjan da aka sauke.

"Auta, zuga. A hankali."

Na danna. Da farko shiru. Na sake dannawa. Sai ga kumfa ta taso daga gaɓar farko, ƙanana kamar idon kifi. Sai ta biyu. Kafin a jima duk kwamin ya ɗauki tafasa, ruwan ya yi kalar toka, wata gaɓa ta saki gaba ɗaya ta yi iyo ita kaɗai. Ɗaya daga cikin matan da za su hau motar ta dafe ƙirji tana salati. Wani ya fara dariya a baya.

"Wa ad da dariya?" Baba ya ce, bai ɗaga murya ba. "Wanda ya taɓa tunanin yi wa mota hanci a cikinku shi yi dariya."

Mai dariyar ya sunkuyar da kai.

Lauwali yana tsugune a bakin rumfa, daidai inda ya tsuguna ranar farko. Ya daɗe yana kallon kwamin. Sannan ya juyo wajen Goggo.

"Goggo, ki gaya wa wadda ta faɗa... ki ce na gode."

"Ga ta nan gabanka, kunnenta biyu. Ni na gaji da dakon maganarku."

Ba zan ɓoye muku ba, a wannan lokacin da ƙasa ta tsage da na shige don kunya, amma zuciyata fari tas. Na gode wa Goggo da ta faɗi abin da ya fi ƙarfin bakina. Na gode wa Lauwali da bai riƙe ni ba. Har Ladan na gode wa, don da ya samu dalma ya liƙe abin sama-sama, da yayyafi bai tona shi ba sai a tsakiyar mashigi.

Baba ya jawo bututun gwangwanin ya jingine shi gefe.

"Yaya, tambaye shi, mai kaurin yana nan?"

"Yana bayan mota, Baba," Lauwali ya amsa kafin Goggo ta buɗe baki.

Aka kawo. Baba ya sa aka cika shi da busasshen yashi aka toshe, don kada ya tsuke wurin lanƙwasa. Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar munduwar tagulla da zai narka ya ɗora gaɓoɓin da ita. Ya ƙara gawayi, ya zauna a mazauninsa, ya gwada tsawon bututun da kamu daga gwiwar hannu. Sai ya tsaya. A karon farko tun da ake maganar aurena, ya juya ya dubi Lauwali ido cikin ido, ba ta bakin kowa ba.

"Lauwali."

"Na'am, Baba."

"Ban ce na ba ka ɗiya ba."

"Na ji, Baba."

"Ba ka shiga ruwa yau, ba ka shiga gobe, sai kwamin ga ya yi shiru. Ranar da za ka shiga kuma ba mata, ba tsoho. Buhunan yashi za ka ɗora." Ya tura bakin bututun cikin wuta. "Da ni. In zauna gaba, kusa da kai. Aikina na. In ya riƙe, in ga Kebbe. In bai riƙe ba, ba a zo a gaya min ina zaune."

Ni kuwa hannuna ya mutu a kan zugazugi. Mutum ɗaya nake tsoron ruwa ya ci, yanzu sun zama biyu, kuma da bakina na haɗa su.

"Auta," Baba ya ce, "wuta na mutuwa."

Na danna.